Kalma Dubu Kowace Safiya

Kwana sittin aka yanka wa Auta, ko yini ɗaya babu ƙari. Mai ɗab'in littattafai ne ya yanka mata, bayan ya karanta shafi goma na farkon labarinta ya ce akwai abu a ciki. Littafi huɗu yake bugawa a shekara, uku sun samu masu su, gurbi ɗaya ya rage. Idan ta kawo masa kalma dubu sittin ranar da kwanakin suka cika, gurbin nata ne. Idan ta makara, akwai wani malamin makaranta da ya shekara biyu yana yi masa sintiri da nasa littafin a cikin leda.

Ita Auta aikinta buga wa mutane takardu a wani shago kusa da kotu. Takardar koke, takardar haya, wasiƙar neman aiki, shekara goma sha ɗaya duk ta hannunta suke bi. Tun tana budurwa take cewa za ta rubuta littafi, tana faɗa ana cewa Allah ya nuna mana, har aka gaji aka koma yi mata shiru. Yanzu ga ta da shekara talatin da huɗu. Ta sani sarai idan wannan ya wuce ta, ita kanta ba za ta sake yarda da bakinta ba.

Mutane kuwa sun yi mata. Mai shago ya ajiye mata kujerarta wata biyu, ya ara mata tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin kanta tana shan ƙura. Ɗakin da take haya bangonsa ɗaya da injin niƙa, don haka yayarta, wadda ke karɓar haihuwa a asibiti, ta kwashe buhunan ɗakin ajiyarta ta ce ta dawo nan, ta ɗauke mata girki da wanki. Maƙwabciya ta ba da tebur. Mijin Yaya, mutumin da ba ya iya haɗiye shayi sai da rediyo a kunnensa, ya daina kunnawa da safe. Auta ta jera waɗannan a ranta ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta ko guda ba. Alheri irin wannan yana da ranar biya, kuma ba ta da abin biya sai littafin.

Lissafin ba wuya. Dubu sittin a kwana sittin, dubu ɗaya kullum. Ita kwamfutar a can ƙasa take nuna yawan abin da ka rubuta, lambar tana hawa kana gani. Auta ta rataya kalanda a bayan ƙofa, duk ranar da dubu ta cika sai ta ja layi da biro a kan ranar. Ta kafa wa kanta dokoki kamar mai tsaron fursuna. Ba shayi sai ta kai ɗari uku. Ba taɓa waya sai dubu ta cika. Ba komawa baya a karanta na jiya. Babbar dokar kuma ita ce ba gogewa, don duk kalmar da ka goge lambar sauka take, kamar ka ɗebo ruwa ka zubar a hanya.

Kwana ashirin na farko, kai, sai ka ce famfo aka buɗe. Labarin wata yarinya ne da aka kira ta a waya aka ce ubanta yana kwance a asibiti. Auta ta taso da yarinyar tun daga yarintarta, ta sa ta a mota, ta sauke ta, ta hau da ita bene, ta tsayar da ita a ƙofar ɗakin da uban yake, hannunta a kan mariƙi. Ranar ta ashirin ke nan.

Washegari ta zauna don ta tura ƙofar, sai hannu ya ƙi. Ta yi awa guda lambar ba ta motsa ba, shayi yana can yana hucewa. To, kada ka manta wace ce wannan. Mace ce da take iya buga takardar koke shafi biyar tana cacar baki da mai takardar. Yatsunta ba sa jiran kanta. Sai ta ce bari ta ɗan faɗi yadda ƙofar take. Ta faɗi fentin, ta faɗi inda ya ɓare, ta faɗi wanda ya shafa shi da abin da ya sa ya yi aikin ha'inci. Kafin ƙarfe tara dubu ta cika. Ta tashi ta ja layi.

Haka aka bi. Wata nas ta wuce ta gaban yarinyar, aka yi kwana biyu a kan takalminta, aka bi takalmin har kasuwa, aka samu mai sayar da shi ba sa magana da ƙanensa, wannan ma ya ci kwana huɗu. Mai shara ta zo da ciwon bayanta. Yarinyar ta tuna wani ruwan sama da ya taɓa dukanta. Layuka suna jeruwa a kalanda babu giɓi, mijin Yaya yana leƙowa yana cewa, "Marubuciya, an cika ta yau?" tana cewa an cika. Amma ita ta sani. Da asuba take farkawa, ta gama dubunta da wuri ta zauna tana kallon bango har azahar, ba ta son fitowa a yi mata sannu da aiki.

Rana ta hamsin Yaya ba ta da aiki. Ta shigo neman bokiti, sai ta kife shi ta zauna a kai.

"Matsa in gani," ta ce. "Kwana hamsin muna ciyar da shi, ai ma ga fuskarsa."

"Yaya, ba a karantawa sai an gama."

"In ji wa? Ni nake duba ciki tun yana wata biyu. Miƙo min tabarau."

Auta ta fita ta rasa inda za ta sa kanta. Ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Tun bayan abincin rana har rana ta yi sanyi Yaya tana ciki, sannan ta kira ta.

"Auta, yarinyar nan yaushe za ta shiga?"

"Tana hanya."

"Wace hanya? Hannunta na kan mariƙi tun shafi na sittin, ga mu a ɗari da hamsin. Na san lambar takalmin nas. Na san maganin da mai shara ke shafa wa bayanta, wanda ma ba ya aiki, ki gaya mata in ji ni. Mutumin da aka zo dubawa ko tarinsa ban ji ba."

"Ana gina labari ne a hankali."

"Da a ɗakinmu ne mace ta kwana talatin tana naƙuda a wuri ɗaya, da tuni an karɓe min farar riga."

Auta ta tura ƙofa ta nuna mata kalanda. "Duba nan. Ko rana ɗaya ban fasa ba. Ranar da zazzaɓi ya kama ni na yi. Ranar da aka ɗauke wuta na yi da biro na dawo na buga. Dubu hamsin cif, Yaya."

Yaya ta cire tabarau ta dube ta. "To kalandar za ki kai masa?"

Ta ɗauki bokitinta ta fita.

Auta ta karya dokar waya, ta kira mai ɗab'i. Ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, ta tambayi injin, sannan ta ce ko da hali a ƙara mata wata ɗaya.

"Babu hali, Malama. Takarda na saya, an ba ni ranar hawa inji. Malamin nan ma jiya ya zo."

"To idan bai kai dubu sittin ba fa?"

"An riga an auna kaurin bangon littafin. Sittin muka yi da ke." Ana jin ƙarar inji a bayansa. "Kuma kada ki kawo min ciko. Daga shafi uku nake jin warinsa."

Ta ajiye wayar ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin ƙafar tebur. Saura kwana goma. In ta bar cikon, mutumin ya riga ya gaya mata abin da zai yi da shi. In ta cire, ta koma dubu ashirin, sai ta nemo dubu arba'in a kwana goma, kuma ba ta san ko kalma ɗaya daga abin da ke bayan ƙofar ba. Ta tuna teburin maƙwabciya, ta tuna rediyon da aka kashe dominta, ta ji kamar ta haɗa kayanta ta gudu kafin gari ya waye a tambaye ta ko an cika.

Da safe ta zaɓi shafukan cikon nan casa'in a kwamfutar, suka yi shuɗi, ta danna gogewa. Lambar ta faɗo daga hamsin zuwa ashirin, ta yi maza ta dawo da su. Sau huɗu tana yi tana dawowa. Ta ce to bari ta tura ƙofar da ƙarfin tsiya. Ta rufe ido ta saki yatsu, da ta buɗe sai ta ga ta rubuta ɗari shida a kan fankar da ke saman baranda, yadda take juyawa da yadda take kuka.

Ta tashi ta fita. Yaya tana bayan gida tana wanke fararen kayan aikinta, kumfa har gwiwar hannu. Auta ta tsaya a kanta.

"Ban san abin da ke cikin ɗakin ba," ta ce.

"Ke kike rubutawa, ki ƙirƙira mana."

"Yaya, kin san abin da nake nufi."

Yaya ta sani. Shekara shida ke nan da rasuwar babansu, kafinta ne, a asibiti ya cika. Mako uku yana kwance Yaya ce a kansa. Ranar ƙarshe aka kira Auta daga shago, ta zo da gudu, ta hau bene, ta kama mariƙin ƙofa, ta kasa. Tana nan tsaye har ta ji Yaya ta ɗaga murya a ciki. Daga ranar ba wadda ta ɗauko zancen. Auta ta ɗauka ita ce mai laifi a wurin yayarta, shi ya sa duk abin da Yaya ta ce to take cewa, ko ba ta so.

Yaya ta ci gaba da cuɗa riga kamar ba ta ji ba. Ta matse, ta jefa a ruwan ɗauraya, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ba wani abu ya faɗa na a rubuta ba. Cire abin numfashin nan yake ta yi, wai warin roba yake, ina mayarwa yana cirewa. Ya tambaye ni ko an rufe shago, shagon da ya shekara biyu da sayarwa. Na ce an rufe. Ya ce gadon nan ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, wanda ya haɗa shi ba ya tsoron Allah. Na naɗe kwali na cusa, ya ce yanzu ya yi."

Auta ta tsuguna.

"Ya nemi ruwa, na jiƙa auduga na shafa masa a leɓe. Can sai ya tsura wa ƙasan ƙofa ido. Kin san ƙofofin nan ba sa kaiwa ƙasa. Ya ce, wancan koren takalmin na Auta ne."

"Ya gan ni?"

"Ya ga ƙafarki. Na ce bari in jawo ta. Ya riƙe min riga. Ya ce bar ta, wannan tun tana ƙarama ko ƙaya za a cire wa wani sai ta ɓuya a bayan tulu. Ya ce ai ta zo." Yaya ta share hanci da bayan hannu, kumfa ta manne mata a kumatu. "Sai ya ce in juya shi ya kalli wajen. Na juya shi. A haka ya cika, yana kallon takalminki."

Auta ta ce, "Shekara shida, Yaya. Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Da gangan na riƙe." Yanzu ta ɗago, idonta jawur. "Mako uku ni kaɗai nake juya shi, ni nake canza masa zani, in fita in karɓi haihuwar wasu in dawo. Ke kin zo kin tsaya minti arba'in a waje, kuma ke ya nema wa uzuri. Ni ko sannu bai ce min ba, sai gado ya karkace. Na ce to ki ɗan ɗauki naki ke ma."

Ka ji inda lissafi ya juye. Wadda take zaton ita ake bi bashi, ashe ita ma tana bin saƙon uba da aka danne mata shekara shida. Ba wadda ta ce a yafe a cikinsu. Auta ta sa hannu a ruwan ɗauraya ta ɗauko riga, suka kama ta baki biyu suka murɗe, suka shanya. Sai da suka gama wankin tas ta koma ɗaki.

Ta goge shafukan, ta adana, ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa don kada hanyar dawo da su ta rage. Ranar kalma ɗari biyu da arba'in ta rubuta, daga hantsi har la'asar, ita da take buga wannan kafin shayi ya huce. Kowace jimla sai ta tashi ta zaga ɗakin ta dawo. Da mijin Yaya ya leƙo ya ce, "Marubuciya, an cika?" ta ce, "Ba a cika ba. Ka kunna rediyonka." Ya dubi matarsa, matarsa ta yi masa alama ya wuce.

Sauran kwanakin tara ba su da tsari. Wata rana ɗari huɗu, wata rana dubu uku har wuyan hannunta ya kumbura Yaya ta ɗaure mata da bandeji. Ta rame, leɓenta ya tsage, abinci sai an tsaya a kanta. Duk da haka lambar tana can ƙasa, kuma ta san ba za ta kai ba. Ranar ta sittin da hantsi ta sa aya a ƙarshen labarin. Dubu talatin da uku.

Ofishin mai ɗab'i yana saman maɗaba'ar, ƙasan yana girgiza da bugun inji, ko'ina warin tawada. Dattijo ne siriri, tabarau a goshi. Ya karɓi takardun ya auna su a tafin hannu kamar mai sayen kaza.

"Nawa?"

"Dubu talatin da uku."

"Rabi kika kawo min, Malama." Ya turo mata su a kan tebur. "Na gaya miki a waya. Ba ni da abin da zan yi da rabi."

Auta ba ta ɗauka ba.

"Na kai hamsin, ranka ya daɗe. Ni na zubar da talatin da hannuna, don kai ka ce kana jin wari. Ka buɗe shafi na sittin ka karanta huɗu kawai. In ba su yi ba, wallahi ba za ka sake ganin ƙafata a benen nan ba."

"Kowa haka yake cewa."

"To ka karanta ka kore ni da hujja."

Ya yi tsaki, ya sauko da tabarau, ya lashi yatsa ya nemo shafin. A tsaye ya fara, alamar ba zai daɗe ba. Auta tana ƙirga shafukan da yake juyawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya juya na biyar. A na bakwai ya laluba kujera da ƙafa ya zauna. Mai kula da inji ya hawo yana cewa tawada ta ƙare, ya ɗaga masa hannu ko kallonsa bai yi ba. Ita tana tsaye, gumi yana bin bayanta. Ya fi awa guda. Ya koma farko ya duba wasu wurare, ya tsallaka ƙarshe, sannan ya daidaita takardun ya ɗora hannu a kai.

"Kin ja min asara," ya ce. "Sai an sake zana bango, takardar da na saya rabi za ta zauna tana kallona."

Ya ƙwanƙwasa takardun da yatsa ya ci gaba.

"Babi na biyu a mace yake, ki sake shi. Ƙarshen kuma kin yi shi kamar ana bin ki da sanda."

"Ana bi na ne."

"To yanzu an daina. Zan sa littafin wani ya hau inji kafin naki, na ba ki mako biyu."

"Litinin nake komawa shago, ranka ya daɗe. Sai da asuba zan riƙa samun zama. Mako uku."

"Ji min mace. Rabin kaya ta kawo kuma tana ciniki." Ya jawo aljihun tebur ya saka takardun ya tura. "Kwana goma sha takwas. Ki sauka kafin in sake tunani."

Ta yi godiya ta fito. A tsakiyar benen ta zauna a kan matakala kusa da damman takarda, ma'aikata suna raɓa ta da kaya a kafaɗa. Ɗaya ya tsaya ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Ta ce lafiya, ya taimaka mata da ruwa in akwai. Ya kawo mata a kofin roba, ta shanye, ta ce ya ƙaro.